Cikin da Ba na Haihuwa Ba

Hajiya Asabe ba ta aiko kowa ba. Ita da kanta ta taso daga Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, ta yi sallama a gidan Malam Maje ana idar da sallar La'asar. Uwar saurayi ta tako gidan su budurwa tun ba a ɗaura aure ba, ko maƙwabtan da suka hango shigarta sun san ba lafiya ba.

Huraira tana ɗaki, ba ta daɗe da dawowa daga makarantar firamaren da take koyarwa a Unguwa Uku ba. Ta sassauta zaninta, ta jingina da bango, tana sauraron yadda cikinta yake ƙugi kamar hadari yana haɗuwa. Sai ta ji muryar mahaifiyar Sagiru, saurayin da zai aure ta, a tsakar gida.

Inna, mahaifiyar Huraira, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa a kwanon sha.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ga ruwa."

"Ba ƙishirwa ce ta kawo ni ba. Kira mini yarinyar."

Huraira ta yafa babban mayafi, ta fito, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Hajiya?"

"Miƙe tsaye."

Ta miƙe.

"Cire mayafin."

Huraira ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai. A hankali ta zame mayafin ta riƙe shi a hannu. Rigar atamfar da ta saka da safe tana yi mata yawa, yanzu ta ɗame a cikinta tamau, ɗinkin gefe har yana neman ɓarkewa.

Hajiya Asabe ta daɗe tana kallo, sannan ta gyaɗa kai.

"Wata nawa?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna ta dafe ƙirji. "Hajiya, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar da duk Tarauni take yi, ni ce ta ƙarshen ji. Ranar sunan gidan Tanko mai shadda mata sun gani da idonsu. Aka ce surukar da zan kawo gidana ta tashi daga gaban kwano tana dafe da ƙugu, ciki a gaba. Yau ga shi na gani da nawa idon."

"Hajiya, ciwo ne," in ji Huraira. Ta sake faɗa da ƙarfi. "Ciwo ne, ba abin da kike nufi ba ne."

Gaskiya ta faɗa. Tun tana kwalejin horon malamai abin ya same ta. Takan tashi da asuba cikinta a shafe kamar na kowace budurwa, amma kafin rana ta karkata sai ya cika da iska, ya yi tauri, ya riƙa murɗa mata. Wani satin ta rasa bayan gida, wani satin ta kasa nisa da banɗaki. In ta samu ta zagaya sai murɗar ta lafa, da dare kuma kumburin ya sace. An ba ta maganin tsutsa, an ba ta jiƙon saiwoyi, an yi mata rubutu ta sha, duk a banza. Sai bara Miriam, abokiyar aikinta 'yar Kafanchan, ta ja ta asibiti. Aka gwada jini, aka gwada fitsari, aka ɗauki hoton ciki, ba a ga komai ba. Likitar ta ce mata hanjinta ne mai saurin fushi. Ba ya kisa, ba ya hana aure ko haihuwa, amma ba a cire shi, sai dai a koyi zama da shi. Wake, nono, ɗanyar albasa da lemon kwalba suna tayar da shi. Damuwa kuwa ta fi su duka.

Ranar sunan gidan Tanko kunya ce ta ci ta. An ajiye mata shinkafa da wake, an dama fura da nono, matar gida ta tsaya a kanta sai ta ci. Ta ci don kada a ce ta raina. Abin da kwano ɗaya ya jawo mata ke nan.

Duk wannan ta zayyana wa Hajiya Asabe a tsaye, mayafi a hannu. Ta ce har gwajin juna biyu an yi mata a asibitin, in ana so a koma a sake.

Hajiya ta taɓe baki.

"Asibiti? Yanzu da sojoji suka tafi 'yan siyasa suka hau, wace takarda ce ba a samu in an san mutane? Ni ba a yi mini wannan. Ranar Asabar zan zo da unguwarzomar da ta karɓi haihuwar Sagiru. Ki kwanta ta duba ki a gaban matanmu da naku. In ta ce babu, shi ke nan. In an ƙi, a haɗa mana kayan sa ranarmu."

Inna ta fara share hawaye da bakin zani.

Huraira ta ɗago kai ta dubi Hajiya. Ta tuna ranar da aka kawo kayan nan, da buɗar da aka rangaɗa a wannan tsakar gidan, da yadda Sagiru ya tsaya daga nesa yana dariya kamar yaro.

"Hajiya, ki gafarce ni," ta ce. "Ba zan kwanta ba."

"Me kika ce?"

"Ban yi abin da za a kwantar da ni a gaban mata ana latsa ni kamar akuyar kasuwa ba."

"Huraira!" Inna ta daka mata tsawa.

Hajiya Asabe ta miƙe, ta gyara gyalenta, ta zura takalmi.

"Asabar," ta ce. Ba ta yi sallama ba ta fita.

*

Washegari Malam Maje ya kira 'yarsa zaure bayan ya dawo daga masallaci. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba mai yawan magana ba. Ya ɗago ya dube ta, carbi a hannu.

"Lawan ya zo wurina."

Huraira ta san zancen. Lawan ya neme ta tun kafin Sagiru, ta ce ba ta so. A lokacin dillalin filaye ne. Yanzu kuwa ya ci zaɓen kansila, hotunansa ba su gama ɓarewa daga bangon unguwa ba, ya yi mota, yara suna binsa suna kiran Honarabul.

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce ya ji abin da ake faɗa, kuma shi bai dame shi ba. Ya ce ko me kike ɗauke da shi zai jira ki sauke, ya aure ki, ya rufa mana asiri."

Huraira ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Asirin me zai rufa, Baba? In na ce to, ai na amsa laifin ke nan. Gobe duk Kano za ta ce ga wadda Honarabul ya tsamo daga kwata. Shi ya samu suna, ni in mutu da tabo. Wallahi gara in tsufa a ɗakin Inna."

"Ban ce ki aure shi ba. Saƙo aka ba ni, na isar."

"Baba, kai ma kana zargina?"

Tsohon ya ajiye carbin.

"Ban tambaye ki ba, kuma ba zan tambaye ki ba. Na san wadda na haifa. Ni nake jin nishinki ta bango tun shekarun baya. Amma 'yata, ni nake shiga masallaci. Jiya da na tsaya a sahu, wanda yake gefena ya matsa, ya bar fili tsakaninmu. Tun ina saurayi nake sallah da mutumin nan."

Nan ne hawayen da ta riƙe a gaban Hajiya suka ɓalle. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, cikinta ya ɗauki murɗa kamar ana matse tsumma.

"Ka yafe mini, Baba. Ni na jawo maka."

"Ba ke kika ɗora wa kanki ba. Allah ne ya ɗora." Sannan ya ƙara da cewa, "In kin kwanta an duba ki, zan samu sauƙi. In kin ƙi, ba zan sa a danne ki ba. Ki yi tunani."

*

Sagiru ya zo ranar Alhamis da yamma, rana ta yi ja. Ya kafe babur ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, bai ko cire takalmin aiki ba. Ma'aikacin awon filaye ne, dogo, mai sanyin hali. Sanyin halin nan ne ya sa ta so shi, yau kuma shi take tsoro.

Ta fito ta zauna a ƙarshen dakali. Matan da suke wucewa suna rage tafiya, suna satar kallo.

"Kin rame," ya ce.

"Ban da wuri ɗaya."

"Huraira, don Allah ki bar wasa. Ban yi barcin kirki ba tun ranar da Hajiya ta dawo daga nan. Ta daina amsa gaisuwata. Abincin da na saya na kai gida, ta ce a mayar mini."

"To me ka zo da shi?"

Ya murza hularsa a hannu.

"Roƙo na zo yi. Ki daure ki yarda. Abu ne na ɗan lokaci, tsohuwa ta duba ta ce babu, bakin kowa ya mutu. Don ni, Huraira. Don aurenmu."

Ta juyo ta dube shi sosai.

"Sagiru, tun yaushe ka san da ciwon nan?"

"Tun farkon haɗuwarmu. Ke kika gaya mini."

"Wa ya taɓa ɗauko ni a babur daga makaranta ranar da na kasa miƙewa?"

"Ni ne."

"To ka faɗa wa Hajiya haka?"

"Na faɗa. Ta ce kin shanye ni."

"Kai kuma da ta ce haka, me zuciyarka ta ce?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Shirun bai daɗe ba, amma ta ji shi har cikin ƙashinta.

"Ka ga," ta ce a hankali. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. "Ka tsaya tunani."

"Wallahi ban zarge ki ba! Wallahi tallahi! Kawai dai mutane sun yi mini yawa. A ofis ana yi mini kallon tausayi. Abokina ya ja ni gefe yana tambaya ko ni ne, in ni ne a gaggauta. Jiya Lawan ya tsayar da motarsa a gabana, ya sauke gilashi, ya ce in kayan sun fi ƙarfina in sauke, akwai mai ɗauka. Na rasa inda zan sa kaina, Huraira."

"Ni kuma fa? A makaranta wata uwa ta zo ta ce a canza wa 'yarta aji. Yaran da nake koya wa karatu suna leƙen cikina in na juya allo. Kai kunnenka ne yake ji. Ni a jikina abin yake."

"Shi ya sa nake cewa a yi a gama."

"Ba a gamawa! Abin da ka kasa ganewa ke nan." Ta buga tafin hannunta a kan dakalin. "In tsohuwa ta duba ranar Asabar ta ce babu, ranar Lahadi cikin nan zai sake tashi. Wata mai zuwa ma zai tashi. Duk ranar da ya tashi sai a shimfiɗa tabarma a kira mata? In mun yi aure za su ga kumburi su fara lissafin suna, in ba su ga jariri ba su ce na zubar. Ciwon nan ba baƙo ba ne da zai kwana biyu ya tafi, Sagiru. Da shi za ka aure ni ko ka bar ni da shi. Akwai ranakun da zan kasa yi maka girki. Akwai bikin danginku da zan je in ƙi cin abinci, a ce ina da girman kai. Akwai daren da za ka ji abin da amarya take jin kunyar miji ya ji. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini yau, tun ina da sauran ƙarfin tashi daga nan."

Idanun Sagiru suka kaɗa suka yi ja.

"Ina son ki, Huraira. Allah ya sani."

"Na sani. Ba ita na tambaye ka ba."

"Mahaifiyata ce. Ita kaɗai ta rage mini. Yaya kike so in yi da ita?"

"Ban ce ka saɓa mata ba. Cewa na yi ka tsaya a inda ka san gaskiya take."

Aka fara kiran sallar Magariba daga masallacin bakin titi. Ya miƙe.

"Ranar Asabar fa?"

Huraira ta share fuska da gefen mayafi. Tun ranar da Baba ya yi mata maganar sahu take juya wani abu a ranta, yanzu ta yanke.

"Ka ce wa Hajiya kada ta wahalar da kanta. Ni zan zo."

*

Da hantsin Asabar ta hau acaɓa daga bakin titin gidan Zoo zuwa Tarauni. Inna ta riƙe mata hannu a zaure tana cewa budurwa ba ta zuwa gidan surukai da ƙafarta, abin kunya ne. Huraira ta ce kunyar da ta rage mata ba ta kai wadda aka riga aka yaye ba. Malam Maje yana jin su daga ɗaki, bai hana ba.

Ta tarar da tsakar gidan Hajiya Asabe cike. Ga ƙannen Hajiya, ga matan maƙwabta da suka shigo da sunan aron turmi, ga tsohuwar unguwarzoma a kan tabarma tana cin goro. Sagiru yana tsaye a bakin ɗakinsa.

Ta durƙusa ta gaida kowa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙe, ta cire mayafinta da kanta, ta ninke, ta ajiye.

Rigar nan ce dai ta ranar da Hajiya ta je gidansu. Yau tana lilo a jikinta. Cikin a shafe yake, har ƙashin ƙugunta ana gani.

Mata suka fara kallon juna.

"Ɗaure shi ta yi," in ji wata daga baya.

Huraira ta ɗaga hannuwa sama, ta juya a hankali, ta ja numfashi ta sauke, rigar ta bi jikinta.

"Babu wanda zai taɓa ni," ta ce. "Ido ya isa. Hajiya, alfarma ɗaya nake roƙo. Ki sa a dafa mini wake a tukunyarki, a yanka ɗanyar albasa a kai, a sayo fura da nono a wurin wadda kika saba saya. Ban zo da komai ba, don kada a ce na haɗa wani abu. Zan ci a gabanku, in zauna a nan inda kowa yake ganina har La'asar."

"Huraira, kada ki yi!" Sagiru ya tako. "Kin san abin da zai yi miki."

"Na sani. Su ne ba su sani ba."

Hajiya Asabe ta ƙura mata ido. Ta so ta ƙi, amma mata sun riga sun ji.

"A ɗora wake," ta ce.

Aka dafa, aka kawo. Huraira ta yi bismillah ta ci. Kowace loma ta san kuɗin da jikinta zai biya, amma ba ta tsaya ba sai da ta ga gindin kwano. Ta ɗaga ƙwaryar fura ta shanye. Ta koma gindin bango ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ɗora hannuwa a gefe inda kowa zai gan su.

Da farko matan suna hira suna dariya ƙasa-ƙasa. Da aka yi Azahar ta yi alwala ta yi sallah a gabansu, ta koma wurinta. Daga nan hirar ta fara mutuwa.

Cikin ya soma ƙugi, har na kusa da ita suna ji. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Rigar da take lilo ta fara cika, ta kama jiki, ta ɗame. Murɗa ta zo mata, ta cije leɓe, ta ƙanƙame gefen tabarma har farcenta ya shige cikin kaba. Wata daga ƙannen Hajiya ta kawo mata matashi, ta girgiza kai. Ta yi rantsuwa a ranta ba za ta kwanta a gidan nan ba, ko da ciwon zai raba ta biyu.

"Ya isa haka!" Muryar Sagiru ta fashe. "Hajiya, don girman Allah ki ce ya isa!"

Idon Hajiya yana kan cikin.

Da aka kira La'asar, Huraira ta dafa bango ta miƙe da ƙyar. Ɗinkin gefen rigar ya ɓarke da ƙara. Ga ciki nan a gaba, tulu guda, irin wanda aka gani ranar suna.

Wata mata ta saki salati. Wadda ta ce ɗaurewa aka yi ta ja gyale ta rufe baki.

Unguwarzoma ta tofar da goronta.

"Ni dai ban taɓa karɓar haihuwar cikin da ya girma tsakanin hantsi da La'asar ba," ta ce. "Asabe, a sallame ni in tafi gida."

Huraira ta dubi Hajiya. Ba ta sa ran a ba ta haƙuri ba. Kalma ɗaya take jira, ko da "na gani" ce.

Hajiya Asabe ta gyara zama. Fuskarta ta nuna ta san an kayar da ita a gaban mutanenta, kuma ba ta saba ba.

"To, ba ciki ba ne," ta ce. "Na yarda. Amma abin da na gani yau ai ya fi ciki. Ciki wata tara ne a sauke. Wannan fa? Ɗa ɗaya gare ni. In kawo masa matar da kwanon wake yake kayarwa, ya ƙare rayuwarsa a layin asibiti? Ga baki, ga tsaurin ido, ta zo har gidana ta tara mini jama'a. A'a. Kayanmu dai a dawo mana da su."

Tsakar gidan ta ɗauki ƙus-ƙus. Huraira ta runtse ido. Duk wannan azabar, ashe ko ta ci ko ta faɗi hukuncin ɗaya ne.

Sai kuma ta ji wani sauƙi ya sauko mata, irin wanda ba ta ji ba tun ranar suna.

"Na gode, Hajiya," ta ce. "Dama ba aure na zo roƙo ba. Sunan mahaifina na zo karɓa, kuma na karɓa a gaban shaidu. Kayanku suna nan yadda kuka kawo su, ko zare ba a taɓa ba. A aiko a ɗauka."

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki mayafinta. Ba ta lulluɓe cikin ba. Ta yafa shi a kai da kafaɗa kawai, ta nufi zaure, mata suna darewa suna ba ta hanya.

"Huraira!" Sagiru ya biyo ta.

"Sagiru!" Hajiya ta miƙe tsaye. "In ka taka zauren nan a bayanta, ka san da wadda ka yi."

Huraira ba ta waiwaya ba. Amma ƙafarta ta ƙi sauri, kunnenta yana baya. Ta ji takunsa ya tsaya. Ta ji ya koma. Ta dafa bangon zaure.

Sai ta ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya durƙusa.

"Hajiya, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. In kin ce kada a ɗaura, ba za a ɗaura ba sai ranar da kika sa albarka. Zan jira, ko shekara nawa ne. Amma ki sani, ba zan kawo miki wata ba. Kuma yarinyar nan a gidanmu aka sa ta ciwo. Ba zan bar ta ta tafi ita kaɗai ba. In na dawo ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama."

Ba ta ji amsar Hajiya ba. Ta fita.

Titi cike yake da mutanen yamma, masu kayan miya, 'yan acaɓa, dattawa a kan benci sun kewaye rediyo suna musun sabuwar gwamnati. Idanu suka juyo kanta, suka sauka a kan cikin. Ta ɗaga kai ta ci gaba da tafiya, kowane taku yana ja mata murɗa.

Ta ji takun mutum a bayanta, da ƙarar babur da ake turawa ba a tayar ba.

"Ki hau in kai ki," in ji Sagiru. Muryarsa a dishe take.

"Ba zan iya zama a kan babur ba yanzu. Da ƙafa zan je."

"Har Gyaɗi-Gyaɗi?"

"Har Gyaɗi-Gyaɗi."

"To mu je. Ina bayanki."

Huraira ta tsaya cak a tsakiyar titi. Ta juyo ta dube shi, hawaye da gumi sun haɗu a fuskarta.

"Bayana ya cika da mutane, Sagiru, duk masu magana a can suke. In za ka zo, ka zo nan gefena, inda kowa zai gan ka."

Ya dubi dattawan benci, ya dubi ƙofar gidansu inda mata suka yi cirko-cirko. Sannan ya turo babur ɗin gaba, ya jera da ita kafaɗa da kafaɗa, suka kama hanya.